Riskuwa Mai Gumi, Wadda Faɗuwar Naira Ta Ɗaga

Sunana Sharfuddeen. Ina koyar da darasin tattalin arziki a wata sakandare a Bagudo, yau shekara goma sha biyar. Amma ba labarina zan bayar ba, na yayata ne, Riskuwa, wadda ta girme ni da shekara biyar, ta bar firamare tun aji uku, kuma shinkafarta ce ake dafawa a gidana yanzu haka.

Mu 'ya'yan masunta ne. A wata tunga ta bakin Kwara aka haife mu, gida bai kai ashirin ba, kowane gida da jirginsa da tarunsa. Riskuwa ce ke kai wa Baba bandar kifi kasuwa tun tana 'yar shekara goma. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, kuma in dariya ta kama ta sai ta nemi wurin zama, domin ƙafafunta ba sa ɗaukarta. A kasuwar ne wani saurayi ɗan Lafagu mai suna Bilyamin ya zo sayen kifi a kan sabon babur, ya so ya burge ta, ya juya da ƙarfi ya zube cikin kwandon tattasai na wata tsohuwa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Kasuwa mai zuwa ya dawo, wadda ta biyo baya ma ya dawo. Aka ɗaura musu aure shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu.

A Lafagu ba kifi, noma ake yi. Uwar mijinta, Inna Kubura, ita ta koya mata gumi. Gumi shi ne a jiƙa shanshera, wato shinkafa da ɓawonta, cikin ruwan zafi, washegari a turara ta a rabin duro, a shanya ta bushe, sannan a kai inji a cashe. Aiki ne na hayaƙi da ciwon baya. Cikin shekara guda Riskuwa ta fi Inna Kubura iyawa, ita kanta tsohuwar ce ta faɗa. Matsalar ɗaya ce, babu mai saye. Kan iyakar Benin ba nisa, kuma ta can shinkafa 'yar waje ke kwararowa, fara, dogayen ƙwaya, ba tsakuwa, ga araha domin naira na da ƙarfi a lokacin. Sai Riskuwa ta wuni a kasuwar Bagudo da buhu guda, ta koma gida da rabinsa.

Abin ban haushin kuma, a gidanta ne mai kawo 'yar wajen yake kwana. Sana'ar Bilyamin ke nan: ya ɗaura jarkokin fetur shida a babur, ya bi ta Tsamiya ya tsallaka iyaka zuwa Segbana ta ƙasar Benin ya sayar, ya ɗoro buhu biyu na 'yar waje ya dawo. Mu a littafi fasa-ƙwauri muke ce wa wannan. A Lafagu aiki ake ce masa. Ranar farko da ya shigo da buhun har tsakar gida, Riskuwa ta tsaya da muciya a hannu.

"Maigida, wagga ba ta wuce zaure."

"Riskuwa, ruwa za a yi."

"To ka lulluɓe ta da rigarka."

A zaure buhunan suka riƙa zama, shekara da shekaru.

A shekarar 2005 ina kwalejin horon malamai, na zo hutu wurinsu. Da safe muna shan kunu sai rediyon Bilyamin ta ce ƙasashen Turai sun yafe wa Najeriya babban kaso na bashin da suke bin ta. Bilyamin ya ajiye ludayi, ya miƙe, ya zaga tsakar gida sau biyu ba takalmi. Ya ce yanzu kam an gama wahala: titi zai zo Lafagu, lantarki zai zo, asibiti zai zo. Kafin mu ce wani abu ya bi zabi biyu ya kama ya yanka.

Riskuwa ta dube ni. "Malam ƙarami, kai da ka sani, nawa munka ci?"

Na gyara zama, na fara bayani, dala biliyan kaza, ruwan da ya hau kai shekara kaza, yadda aka yi ta biya bashin yana ƙaruwa. Ta saurara har na gama.

"Ni dai sa'ad da anka ciyo shi ba a kawo min ko sisi ba," in ji ta. "Amma tunda an yahe muna, a ba ni cinya."

Ta ci cinya biyu. Lokacin, tun zuwan Shari'a, an rage kiɗe-kiɗe a gari, saboda haka sai ta kira matan maƙwabta, suka kifa ƙwarya a ruwa cikin gida suka yi ta kaɗawa a hankali, ita tana rawa da faifai a kai, Inna Kubura tana cewa a sassauta kada Liman ya ji, ita ma kuwa kafaɗunta na motsi.

Abin da ya zo Lafagu bayan wannan shi ne turaku. Wasu mutane da huluna masu ƙarfi suka zo suka auna hanya daga babban titi zuwa gari, suka kafa turaku masu jan fenti, suka tafi. Shekara goma mutane na ɗaure awaki a jikinsu. Rediyo na cewa arzikin ƙasa na bunƙasa, Riskuwa na komawa gida da rabin buhu. Ta haifi 'ya'ya huɗu a tsakanin nan, ta yi kiwon shanu biyu da dussar shinkafa, ba ta bar gumi ba ko sau ɗaya.

Sai 2016. Farashin ɗanyen mai ya faɗi a duniya, dala ta yi wa gwamnati ƙaranci, aka daina ba masu shigo da shinkafa dala, naira ta zube. A lokacin na zama malami, da mata da yara biyu, albashi yana jinkiri, in ya zo kuma bai kai tsakiyar wata. Wata Asabar na hau babur na tafi Lafagu domin in samu wanda zan yi wa ƙorafi. Tun daga bakin gari na hango hayaƙi. Na shiga na tarar da duro uku a kan wuta, mata biyar suna aiki, shanshera shanye har ƙofar gida. Riskuwa ta fito daga cikin hayaƙin idanunta jajur, haƙoranta duka a waje.

"Malam ƙarami, kauce, kana taka min dukiya."

Na zauna na ce mata ƙasa ba lafiya. Na ce a bana arzikin ƙasa raguwa ya yi maimakon ƙaruwa, kuma ko ya farfaɗo, rarrafe zai yi, mutane na ƙaruwa fiye da yadda abin hannunsu ke ƙaruwa.

"Allah shi ba ta lahiya," in ji ta. "Amma ka gani, tun da ta kwanta ni na tashi. Buhun 'yar waje ya ninka kuɗi. Matan ma'aikata da ba su ko kallona, jiya ɗaya ta kira ni Hajiya. Ni da ko Birnin Kabi sau biyu na taɓa zuwa."

Ta tuna fuskar matar, dariya ta kama ta, ta zauna a kan turmi. Na so in ji haushi, na kasa. Ta cika mini leda da shinkafa na ɗaura a babur.

Cikin masu zuwa saye akwai wani ɗan kasuwa daga Jega, Alhaji Arzika, mai tsohuwar motar ɗaukar kaya da ƙaton ciki. Ranar da ya fara zuwa, Riskuwa ta dafa masa shinkafarta da miyar kifi domin ya ɗanɗana. Ya yi loma uku yana lumshe ido. A ta huɗu aka ji ƙas. Ya dafe kunci, ya tofar da tsakuwa da rabin haƙori a tafin hannunsa, ya daɗe yana kallonsu.

"Malama Riskuwa," ya ce a hankali, "ban taɓa cin shinkafa mai daɗin wannan ba. Amma rabinta kayan gini ne. Ranar da kika rabu da tsakuwa, duk abin da kika yi ni zan kwashe."

Ya gaya mata akwai injin da ke ware tsakuwa, a Kano ake sayarwa. Ya faɗi kuɗin, ta riƙe baki. Amma daga ranar maganar injin ba ta bar bakinta ba. Shekara uku tana tsince tsakuwa da hannu ita da matanta, tana maganar inji kamar wani ɗan'uwa da ke hanya.

A watan Agusta na 2019 gwamnati ta rufe iyakokin ƙasa. Bilyamin ya fita da safe da jarkokinsa, kafin azahar ya dawo da su cike. Ya jingine babur, ya shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya. Kwana uku yana nan, yana kallon sama, yana kashe rediyo yana kunnawa. Rana ta huɗu Riskuwa ta zo ta tsaya a kansa.

"Maigida, ina neman mai babur. Shi ɗauko min shanshera daga Kurgu, shi kawo itace, shi kai kaya tasha."

"Ni za ki ɗauka aiki?"

"In kana da wani aikin sai in nemi wani."

Ya tashi zaune. "Nawa za ki biya?"

"Abin da nike ba kowa. Da tuwo sau biyu, kai kaɗai ke da wanga."

Ya tashi ya naɗe tabarma. Ya ce mini daga baya bai taɓa samun uban gida mai tsanani irinta ba, amma babu mai tare shi a hanya, kuma yana kwana gida kullum.

Rufe iyaka ya sa shinkafar gida ta zama zinariya. Motoci daga Yauri da Kontagora, har da Yarabawa daga Ilori, suka riƙa tsayawa a babban titi suna tambayar gidan mai gumi. Cikin wata guda Riskuwa ta yanke shawara. Ta sayar da shanunta biyu, ta sayar da 'yan kunnen zinariyar da Inna Kubura ta ba ta ranar aure, da izinin tsohuwar, ta haɗa da abin da ta tara, ta miƙa wa Alhaji Arzika. Ya ce ranar Talata inji zai iso.

Na ɗauki uzuri a makaranta domin kada a ba ni labari. An tafka ruwa da asuba, kuma hanyar Lafagu har yanzu turaku ne kawai. Motar Alhaji ta sauka daga kwalta, ta yi tafiyar da ba ta kai jifa uku ba, ta nutse har gindi. Muka tura, ta ƙara nutsewa. Alhaji ya fito ya tsaya cikin laka da babbar riga a naɗe a wuya.

Bilyamin ya juyo gare ni, laka har gira. "Kai malam, ina titin nan? Shekara goma sha huɗu."

Na ce masa gwamnati ta sake cin bashi mai yawa tun bayan wancan, kuma yanzu babban kaso na abin da take tarawa a biyan ruwan bashin yake tafiya, abin da ya rage bai isa titin kowa ba.

"Wane bashi kuma? Ba an yahe ba? Ni hwa na yanka zabi."

"Wancan daban, wannan sabo ne."

"To wanga karon ko an yahe, ba ni yanka ko tattabara."

Riskuwa ba ta tsaya sauraronmu ba. Ta riga ta tafi gari da gudu, ta dawo zaune a kan amalanken shanun wani maƙwabci, bayanta kusan rabin Lafagu. Maza goma suka ciccibi injin suka ɗora. Yayyafi ya fara, sai ta kwance sabon zanen atamfar da ta yafa ta lulluɓe shi da shi. Ganin haka wata mata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, sai ga shi an shiga rakiyar amarya sosai. Shanu na tafiya a hankali, mata na waƙa suna tafi, dattawa a ƙofar gidaje suna tambayar ɗiyar wa ake kaiwa, ana ce musu ɗiyar Kano ce. Riskuwa na gaba tana tafiya da baya, tana ba shanu umarni kamar suna jin ta. Takalminta ɗaya ya maƙale a laka, ba ta ko waiwaya ba. Alhaji Arzika da cikinsa yana biye, yana haki yana dariya, giɓin haƙorinsa a fili.

Liman ya zo ya yi addu'a. Aka haɗa injin da janareta, aka zuba kwano goma na farko. Ya yi ƙara, ya fara karkarwa, shinkafa na gangarowa ta baki ɗaya, ta ɗaya bakin kuma sai ga tsakuwa na faɗowa cikin tasa, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kowa ya kasa kunne. Inna Kubura, wadda idonta ya riga ya yi rauni, ta ce a kawo mata tasar. Ta zura hannu ta damƙo, ta murza.

"Duk wanga muke ci shekara sittin?"

"Shi ne, Inna."

"To Allah ya yi muna hanji."

Nan Riskuwa ta zube ƙasa. Ta yi dariya har da hawaye, mata suka kama, har Liman sai da ya juya baya yana gyara rawani. Da ta samu numfashi ta ƙulle tsakuwar a leda ta miƙa wa Alhaji, ta ce ga waɗanda suka ci masa haƙori, ya tafi da su ya yi musu hukunci. Ya cika alkawari. Har ƙarshen shekarar ba ta kwana da buhu ko ɗaya ba, kuma mata goma sha biyu ke cin abinci a ƙarƙashinta.

Shekara mai zuwa ruwa ya karɓi nasa. A watan Satumba kogi ya cika ya tumbatsa, ya shafe gonakin fadama ana saura makonni a yi girbi, ya biyo kwari har unguwarsu. Da hantsi na samu labari, na iso na tarar ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Ƙaninmu Abu, wanda ya gaji jirgin Baba, ya tuƙo shi tun daga tunga har ƙofar zaure. Ya ce a fara sa gado da katifa. Riskuwa ta ce a fara sa inji. Aka sa inji, aka sa Inna Kubura a gefensa, ita kuma ta hau kan injin ta zauna da lema. Haka suka ratsa gari, tana gaida mutanen da ke kan katanga ɗaya bayan ɗaya.

Amma da muka fita bayan gari ta ga fadama, ruwa fari fat har iyakar gani, ba ko kan shinkafa ɗaya, sai ta rufe lemar ta sa fuska a cinya. Ta san gonar kowa a wurin, ta san wanda ya ci bashin taki, ta san wanda ya sa ranar auren ɗiyarsa bayan girbi. Wannan ne karo ɗaya da na ga kukanta tun muna yara. Wata biyu suka yi a ajin wata firamare kan tudu. A can Inna Kubura ta rasu. Babu shanshera sai da noman rani ya zo, kuma Riskuwa ta sallami takwas daga cikin matanta, tana bin su gida-gida tana ba su haƙuri. Da rani ya yi kyau ta dawo da su duka.

A farkon 2023 aka canja takardun naira, sababbin suka yi wuyar samu, tsofaffin kuma mutane na tsoron karɓa. Kasuwa ta tsaya cak. Mu ma'aikata muna wuni a layin banki. Mutanen bakin iyaka kuwa suna da sefa, kuɗin Benin, a aljihu. Riskuwa ta ce duk mai sefa ya kawo ta ba shi shinkafa. Na je musamman na yi mata gargaɗi. Na ce naira ce kuɗin ƙasa, wannan matsala ta 'yan makonni ce, in takardu suka wadata za ta rasa inda za ta kai sefarta sai da asara.

"Malam ƙarami, sefa tana ruɓewa?"

"A'a."

"Ɓera na cin ta cikin kwalla?"

"In kin rufe, a'a."

"To bar ta nan."

Wata uku tana tarawa a cikin kwallar da aka yi mata jere da ita. Sai aka cire tallafin man fetur, aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Ta nema kuwa, ta yi ƙasa, ta ƙara yin ƙasa. Kafin shekara ta zagayo, sefa ta fi ninki biyu a kan yadda ta karɓe ta.

Ranar kasuwar Tsamiya ta aiko a kira ni, wai in zo in raka ta tunda ni ne mai ilimi. Muka tafi mu uku, ni da ita da Bilyamin, kwalla a ƙulle cikin zane a kan cinyarta. Ɗan canjin yana zaune ƙarƙashin rumfa da ƙaramin teburi. Ya ƙirga, ya danna waya, ya faɗi abin da zai ba ta. Ta ce ya sake faɗi. Ya sake. Ta juyo ta dube ni, ba ta ce komai ba, leɓenta na rawa.

"Yaya, na ji," na ce. "Na yi kuskure."

"Ban ce komi ba."

"Na san abin da za ki ce."

"Wallahi ban ce komi ba," in ji ta, sai ta sulale ta zauna a kan buhun wani mai albasa, kafaɗunta na girgiza. Mai albasa ya tambayi Bilyamin ko ba ta da lafiya. Bilyamin ya ce lafiyarta lau, ƙanenta ne ya yi digiri.

Muna cikin haka wata doguwar mata mai tsagar Dandawa, mutanen bakin iyakar Benin, ta tsaya ta ƙura wa Bilyamin ido, ta kira sunansa. Ashe Mariyamu ce, mai shago a Segbana, wadda a wurinta yake sarin 'yar waje shekarun baya. Suka gaisa. Ta ce shinkafa ta zo nema, domin yanzu in ka riƙo sefa, ta Najeriya ta fi araha, kuma an ce mata akwai wata mata a Lafagu mai shinkafa ba tsakuwa, ko ya san ta?

Bilyamin ya sosa ƙeya. Ya nuna buhun albasa. "Ga ta nan zaune."

Riskuwa ta miƙe, ta share ido, ta gyara ɗaurin kallabi. Ta kama hannun Mariyamu da hannu biyu.

"Ke ce mai shinkafar da ke kwana zaurena?"

Mariyamu ba ta gane ba, sai da aka yi mata bayani, ita ma ta fashe. Ranar a babur ɗaya matan biyu suka koma Lafagu, Bilyamin na tuƙi, ni na biyo su a baya da kwalla. Riskuwa ta shigar da ita har ƙuryar ɗaki, ta dafa mata da miyar kifi, ta zauna tana kallon bakinta har ta cinye, ba ƙas ko ɗaya. Yanzu aminai ne. Mariyamu na koya mata Dandanci, ita tana koya mata gumi, kowace na cewa ɗayar ba ta da kai.

Ba zan ce komai daɗi ne ba, ita ma ba ta cewa haka. Man janareta ya ninka sau uku. Shanshera ta yi tsada, itace ya yi tsada. Maƙwabtan da suka raka injinta da guɗa, da yawansu yanzu ba sa iya sayen kwanon shinkafar da yake fitarwa. Ta san wannan. Karyayyar shinkafar da ke fita a ƙasan rariya ba ta sayar wa 'yan kasuwa, ta mutanen unguwa ce, a rabin kuɗi, wani lokaci a ba komai. Ta taɓa ce mini abin da ya ɗaga ta shi ne ya kayar da su, kuma ba ta san ranar da zai juyo kanta ba, shi ya sa take sauri.

Ni kuwa na jingine babur, albashina ba ya iya shayar da shi. Wata uku ina zuwa makaranta a ƙasa ban gaya wa kowa ba. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Wata Juma'a bayan masallaci sai ga Bilyamin a ƙofar gidana da sabon keke ɗaure a bayan babur, da buhun shinkafa a kan tanki. Ya ce in ji uwar ɗakinsa, wanga ba ya shan fetur. Na ce ban taɓa hawa keke ba, mu a jirgi muka tashi. Ya ce wannan kuma tsakanina da keken. Sati biyu ina faɗuwa a filin makaranta bayan an tashi, kafin na iya.

Makon jiya na hau shi har Lafagu. Na tarar da ita a bayan gida da magini, tana auna ƙasa da taku. Daɓen siminti take so na shanya, domin shinkafa ta daina taɓa ƙasa tun farko. Taku arba'in take nufi, amma da tsadar siminti sai ta sayi buhu biyu ko uku, a zuba, a jira. An kai taku tara. Magini ya ce a haka sai an shekara uku. Ta ce masa ya ci gaba da zubawa, ita ba inda za ta.

Ta juyo ta ga ina tsaye da keke. "Malam ƙarami, mi rediyo ta ce yau?"

Na ce an ce arzikin ƙasa ya ƙaru da kashi uku cikin ɗari.

"Uku cikin ɗari." Ta ɗan yi lissafi da yatsu. "To ni na hi ta sauri. Ajiye keken ka kama min igiyar nan, ka ja ta miƙe."

Na ajiye, na kama igiya.